Bunsurun Harlan da Tukunyar Mama Lalie

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, bayan an taso daga coci, Mama Lalie Savoie ta ajiye cokalinta ta gaya wa iyalinta cewa kafin sanyi ya shigo za ta koma Houston wurin ƙanwarta, kuma ba za ta tafi da tukunyar ba.

Babu wanda ya tambayi wace tukunya. Ta baƙin ƙarfe ce, babban mutum zai iya zama a cikinta ya yi wanka, marigayi mijinta ne ya saya tun suna amarci. Duk Asabar ɗin da Kadoji, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta jami'ar garinmu Fontenelle, ke wasa a gida, sai mu kafa rumfa a gindin babbar bishiyar da ke bakin wurin ajiye motoci, a ɗora tukunyar, a dafa jambalaya, dafa-dukarmu ta shinkafa da nama da barkono. Wanda ke riƙe da muciya shi ne mai rumfa. Shi ake fara gaisarwa, shi ake tambaya ko kocin bana zai kai labari.

Muciyar kuwa ba a gadonta, ci ake yi. Kafin wasan farko na kowace kaka, duk wanda ya ci wani abu a ƙarƙashin rumfar yana da bakin faɗin hasashensa: wa zai yi nasara, da maki nawa. Mama Lalie ba ta rubutawa, kuma ba ta mantuwa. Wanda ya fi kusa ya riƙe muciya har ƙarshen kaka, wanda ya fi nisa ya wanke tukunya. Wata shekara mai raba wasiƙu ya ratso, ya gutsiri burodi, ya faɗi nasa, ya dace. Aka miƙa masa muciya, muka kwashe kaka guda muna cin shinkafa mai ƙauri. Ba a sauya ƙa'idar ba.

"Bana wanda ya ci, tukunyar ta zama tasa har abada," in ji Mama Lalie. "Ita da inuwar bishiyar."

Harlan Dugas, mijin 'yarta Noelie, ya share baki ya miƙe tsaye, ko da yake babu wanda ya nemi ya tsaya. Harlan na'urorin sanyaya ɗaki yake sayarwa. Ya taɓa zama ɗan wasan Kadoji na kaka guda, kuma hoton ƙungiyar ta wannan shekarar yana rataye a shagonsa. In ka duba layin baya da kyau za ka ga kunnensa. A duk waɗanda ke zama a rumfarmu babu wanda ya kai shi sanin cikin tukunyar nan, domin babu wanda ya kai shi wanke ta.

"Mama, ki ɗauka an gama," in ji shi. "Sittin da uku da nema."

Clovis, ƙanin Noelie, likitan haƙori ne, mutum mai magana a hankali kamar yana jiran allura ta kama. Bai ɗago daga farantinsa ba.

"Bara hamsin da nema ka ce, Suruki."

"Bara laifinka ne, Likita."

A nan dole a faɗi abin da Harlan ke nufi. Mu a nan abokin gaba muke ci. In za a kara da ƙungiyar da alamarta aladen daji ne, aladen daji ake sa wa a tukunya. In agwagwa ce, agwagwa. Bara Shahuna suka buɗe mana kaka, Clovis aka ɗora wa kawo nama, ya kawo kaji.

"Ka dafa kaza ka kira ta shaho," in ji Harlan. "Ƙwallo ba ta son ƙarya. Shi ya sa da ƙyar muka sha."

"Doka ta hana cin shaho."

"Doka ta taɓa cin kofi?"

Bana da Bunsuran Tallow Gap za a buɗe. Wata ƙaramar kwalejin noma ce a cikin duwatsun Arkansas, irin waɗanda ake biya su zo farkon kaka a lallasa su, su koma gida su gyara rufin ɗakin karatu. Harlan ya ce shi zai kawo nama, kuma ba na kanti ba. Bunsuru zai sayo da ransa, ya yanka da hannunsa.

"Ka taɓa yanka ko kaza?" in ji Clovis.

"Ni da na yi kaka guda ina kayar da ƙarti?"

"A kan benci?"

"Bencin ma ba kowa ake ba wa ba."

Washegari ya ɗauki motar shagonsa ya nufi ƙauye. Ya ce wa mai gona ya ba shi mafi girma kuma mafi muni, don ya yi kama da abokan gaba. Mai gonar ya yi masa adalci. Bunsurun toka-toka ne, mai gemu har ƙirji, ƙahonsa ɗaya ya kalli gabas, ɗayan ya kalli inda ya ga dama. Kafin su iso gari ya cinye bel ɗin kujera da rabin soson da ke cikinta. Warinsa kuwa ya zauna a motar. Har yau in ta wuce, karnukan unguwa sukan fito su raka ta.

Ni maƙwabcinsu ne, katangar katako ce kawai ta raba mu. Da yammacin Talata Harlan ya sanar cewa za a yi yanka, sai muka fito da kujeru muka jera a bakin katanga. Ya fito da farin ƙyallen mahauta a ƙirji, sabuwar wuƙa a dama, waya a hagu, domin a wayar ya koyi sana'ar da safe. Bunsurun yana ɗaure a jikin sandar shanya.

Tsoho Ovide, wanda ya yi shekaru yana kiwo kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya ce in ana so ya ƙetaro ya taimaka.

"Zauna abinka, Baba Ovide," in ji Harlan. "Wanda ya yi hasashe shi zai zubar da jini, in ba haka ba ba ta ci."

Ya yi mana bayanin jijiyoyin wuya. Ya yi mana bayanin yadda mutanen da ke yi kafin a lalata duniya da naman leda. Sannan ya matsa kusa, bunsurun ya ɗago ya dube shi. Ƙwayar idon bunsuru a kwance take, kamar bakin asusu, kuma ba a gane abin da ke bayanta. Suka daɗe suna kallon juna. Harlan ya ce bari ya sake duba wani wuri a wayar, ya juya baya, ya sunkuya don ya kare hasken rana.

Igiyar ta fi yadda ya zata tsawo, ƙahon kuma bai yi kuskure ba.

Da muka zaro shi daga cikin shukar barkonon Noelie, ya karkaɗe ƙyallensa ya ce dama gwada shi yake yi.

"Yana da zuciya. Haka nake so. Amma na fasa yau. Naman da ya kwana a firiji ƙarfinsa ya tafi. Ranar wasa zan yanka shi a gaban filin, su ji a jikinsu."

A ranar Noelie ta raɗa wa bunsurun suna Gwamna. Ta ce yana ci, ba ya aiki, kuma ba ya jin kunya.

"Kada ki ba shi suna," in ji Harlan. "Abinci ne."

"Kai ma ka kira shi jiya da za ka ba shi tuffa."

"Kitso nake masa."

"Kiwo dai."

"Shi na ce."

Ranar Alhamis ake shirin rediyo da masoya ƙwallo ke kiran waya su faɗi hasashensu. Wani ya ce talatin da biyar da bakwai. Wata ta ce ita dai kada a ji wa mai jefa ƙwallonmu ciwo. Sai muka ji muryar da muka sani.

"Harlan Dugas ne, tsohon ɗan wasa. Sittin da uku da nema. In sun tsallaka tsakiyar fili sau ɗaya, a zo shagona a ɗauki fanka kyauta. Kuma duk mai jin muryata ya zo gindin babbar bishiya ranar Asabar da farantinsa. Bunsuru za mu ci."

"Kowa da kowa, Harlan?" in ji mai shirin.

"Babban bunsuru ne."

Ranar Juma'a na hango Harlan a ƙofar Baba Ovide yana magana ƙasa-ƙasa. Baba Ovide ya ce shi ai an gaya masa a gaban jama'a cewa in ba hannun mai hasashe ba, ba ta ci, kuma ba zai so ya ɓata wa Kadoji kaka ba.

Asabar ta zo da zafinta. Da tsakar rana aka sa wasan, lokacin da ake ba wasannin da ba a sa ran za su yi daɗin kallo. Tun da hantsi wurin ajiye motoci ya cika da rumfuna da hayaƙi, kowa da koren tufafi, launin Kadoji. A gindin bishiyarmu kuwa layi ne ya miƙe har bakin titi, kowa da farantinsa. Na ga mutanen da ban taɓa gani ba. Na ga wani da kwano mai murfi.

Harlan ya sauko da Gwamna daga mota da ransa da lafiyarsa. Ya ɗaura ƙyallen, ya zaro wuƙa, ya fara bayanin jijiyoyin wuya. Yana cikin bayanin sai ga Ofisa Batiste, 'yar sandar jami'a, ta ratso layin.

"Mista Dugas, me za a yi da wannan wuƙar?"

"Al'ada za a raya, Ofisa."

"Ba a yanka dabba a harabar makaranta. Wuƙar ta koma mota."

Na dubi fuskar Harlan a lokacin. Ban taɓa ganin mutum ya fusata cikin irin wannan kwanciyar hankali ba. Sai da ya tabbata ba za ta sauya magana ba, sannan ya ɗaga murya. Ya ce an tauye masa haƙƙi. Ya ce a riƙe shi. Babu wanda ya riƙe shi, sai ya kai wuƙar mota da kansa, da sauri.

Noelie ta buɗe akwatin ƙanƙara ta fito da kaji, ta miƙa wa mahaifiyarta.

"Yaushe kika sayi waɗannan?" in ji Harlan.

"Tun Laraba."

"Kin san za a hana ni ke nan?"

"Na san wanda na aura."

"Mama, kada ki sa kaza. Kaza ce ta cuce mu bara."

Mama Lalie ta zuba kajin a tukunya ta juya. Ta ce a fara hasashe.

Clovis ya ce Kadoji, ashirin da takwas da goma. Noelie ta ce Kadoji, talatin da biyar da bakwai. Ni na ce talatin da ɗaya da sha huɗu. Duk wanda ya samu lomar burodi ya faɗi nasa, kuma kowa Kadoji ya ce, domin a gindin bishiyar nan ba a taɓa jin wanda ya ce akasin haka ba. Harlan ya maimaita nasa da ƙarfi. Amma masu faranti ba maki suka zo ji ba. Suna kallon kajin da ba za su ishe su ba, suna kallon Gwamna, suna kallon Harlan.

Harlan mutum ne da ba ya iya barin taro ya yi shiru. Ya ɗauko bokiti biyu, kore da mai ruwan toka, ya ajiye su a gaban bunsurun.

"Jama'a, ko abokin gaba ya san abin da ke jiransa. Mama, a ba Gwamna baki. Ko shi ya fi Likita sanin ƙwallo."

"Ya ci wani abu a rumfar nan?" in ji Mama Lalie.

"Ya ci igiyar rumfa," in ji Clovis, "da gefen malafar Harlan."

"Ka tabbata kana so a ƙirga shi, ɗan nan?"

"A ƙirga shi, Mama. Kowa ya shaida."

Kowa ya ga lokacin da ya jefa burodin masara a cikin koren bokitin. Gwamna ma ya gani. Ya sunsuna burodin, ya wuce, ya cusa kansa a cikin bokitin toka wanda babu komai a ciki, ya tsaya a haka.

"Ya faɗa," in ji Mama Lalie. "Tallow Gap."

Aka yi dariya, Harlan ya fi kowa. Ya ce kunya ce ta sa shi ɓoye fuska.

A daidai nan motar 'yan wasan Tallow Gap ta tsaya kusa da mu, domin ba a ba su wurin kirki ba. Suka sauko, yara ne sirara kamar ba a ƙoshi a garinsu. Ɗaya ya hango Gwamna ya taɓo na kusa da shi. Kafin Harlan ya ankara sun yi layi, kowa ya shafa gemun bunsurun ya wuce. Wata tsohuwa daga cikin magoya bayansu ta ɗaura wa Gwamna gyalen makarantarsu a wuya, ta kama hannun Harlan ta ce Allah ya yi masa albarka, su ba su da halin kawo nasu.

Ba a shiga filin wasa da bunsuru, don haka Harlan ya zauna a rumfa riƙe da igiya, tikitinsa a aljihu. Mu da ba ma son gasuwa a rana muka zauna tare da shi a gaban talabijin ɗin da ake jona wa batirin mota.

Ba a daɗe da farawa ba Tallow Gap suka tsallaka tsakiyar fili.

"Fanka ɗaya," in ji Clovis.

Suka ci gaba da tafiya har gidanmu, wato ƙarshen filin da muke tsarewa, inda kai ƙwallo ke jawo maki bakwai. Bakwai da nema. Harlan ya ce dabarar koci ce, ana barin kifi ya ja ƙugiya. Mai jefa ƙwallonmu ya jefa wa ɗan Tallow Gap a ƙirji kamar saƙo aka ba shi. Sha huɗu da nema. Harlan ya ce kifin babba ne.

Sai talabijin ta nuno wajen fili. Ga bishiyarmu, ga Gwamna da gyale a wuya, ga Harlan riƙe da igiya. Mai sharhi ya ce a dubi wannan bawan Allah, masoyin Tallow Gap na gaskiya, wanda ya taso tun daga duwatsu da dabbar makarantarsu, kuma ga shi sa'a ta biyo shi. An ce har a babban allon cikin filin an nuna, kuma an daɗe ana nunawa.

Aka tafi hutun rabin lokaci sha huɗu da uku. Mutane suka fito shan iska, da yawansu gindin bishiyarmu suka nufo. Har da mai kwano mai murfi.

"Kai ne na rediyo?"

"Kai ka ce za mu ci bunsuru, ga shi bunsuru yana cinmu."

"Wa ya taɓa kawo musu alamarsu da rai har ƙofar gida?"

Harlan ya dubi igiyar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta. Ya juya wurin Clovis.

"Likita, riƙe min."

"Hannuna na aiki ne."

"Na ba ka shi. Kyauta."

"Me zan yi da bunsuru, Suruki? Haƙoransa lafiya lau."

"Matuƙar yana hannuna sa'ata yake tsotsa yana ba su. Ka karɓa don Allah. Ba nawa ba ne, ban san shi ba."

"Aro ko kyauta? Kada gobe ka zo ka ce a dawo maka da shi."

"Halak malak. Shi da igiyarsa da gyalensa da duk abin da ya mallaka. Mama, ki shaida. Ofisa, ki shaida."

Ofisa Batiste, wadda ta dawo karɓar nata farantin, ta ɗaga cokali alamar ta ji. Clovis ya yi ajiyar zuciya ya karɓi igiyar da yatsu biyu.

Da aka dawo, Kadoji suka farka. Suka kai ƙwallo gida, suka sake kaiwa. Sha bakwai da sha huɗu. Harlan ya hau kan akwatin ƙanƙara.

"Kun gani? Ina sakin igiya. Saura arba'in da shida."

"Nemar fa?" in ji Clovis. "Suna da sha huɗu."

"Waɗannan ba a ƙirga su. Na lokacin da bunsurun ke hannuna ne."

Arba'in da shidan ba su zo ba. Ana dab da tashi, wani yaron Tallow Gap da ko gemu bai fara ba ya karɓi ƙwallo, ya bi ta tsakanin ƙartinmu kamar mai neman uwarsa a kasuwa, bai tsaya ba sai a gidanmu. Ashirin da ɗaya da sha bakwai. Aka busa tashi. Filin da ke ɗaukar rabin garinmu ya yi tsit, har muna jin 'yan tsirarun baƙin suna waƙar makarantarsu, wadda ba su ma haddace ta sosai ba.

Mama Lalie ta kashe wuta. Ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya, muka matso.

"Duk kun ce Kadoji," in ji ta. "Baki ɗaya ne ya ce Tallow Gap."

Muka juya. Gwamna yana kwance yana tuƙa.

"Mama, ai dabba ce," in ji wani.

"Mai raba wasiƙu ma ba dangi ba ne. Ya ci a rumfa, an ƙirga shi, kowa ya shaida. Tukunya ta Gwamna ce."

Na ga maganar tana tafiya a fuskar Harlan, a hankali, har ta isa. Ya sauko daga kan akwatin.

"To ai shi ke nan. Bunsuruna ne. Dama tsarin ke nan tun farko, ku ne ba ku gane ba. Na san in ban ci ta nan ba zan ci ta can. Likita, kawo igiyar."

"Wace igiya?"

"Wasa nake yi ɗazu."

"Shi da igiyarsa da gyalensa," in ji Ofisa Batiste da abinci a baki, "da duk abin da ya mallaka."

"Clovis zai riƙe masa muciya," in ji Mama Lalie, "tunda shi ba shi da hannu."

Ta miƙa wa ɗanta muciyar. Sannan ta sunkuya ta ɗauko soson ƙarfe da sabulu. Ba ta tambayi wanda ya fi nisa ba, kuma babu wanda ya ga bukatar a faɗa.

Harlan ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya shige cikin tukunyar har kafaɗa. Gwamna ya taso ya ƙarasa malafar da aka ajiye a kan kujera. Muna naɗe rumfa muna jin ƙarar soso, can sai muryar Harlan ta fito daga ciki tana amsa kuwwa.

"Kazar ce. Na faɗa tun da safe." Soson ya ci gaba, ya sake tsayawa. "Mako mai zuwa da wa za mu kara?"

"Giwaye," in ji Clovis.

Noelie ta sa hannu a aljihun bayan mijinta, ta zaro makullin motar, ta jefa a jakarta.